Ranar da Birki Ya Koma Hon

Abin da na gada daga mahaifina, ban da littattafai da bashin mai taki, shi ne Land Rover samfurin 1978, wadda tsofaffin unguwarmu ke kira Landiroba. Malamin gona ne shi, kuma da ita ya ratsa ƙauyukan da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya shiga. Irinta ake ce wa Series III, an ƙera su daga 1971 zuwa 1985. Jikinta na alminiyam ne, shi ya sa ta shekara tara a gindin darbejiya kaji na ƙwai a kujerar direba amma ba ta ruɓe ba. Injin ma bai ba mu wahala ba. Fitilu ne suka zama aljanu. In ka taka birki, ƙananan fitilun gaba su kama. In ka ba da sigina ta hagu, duk bayan motar ya shiga ƙifta ido kamar mai jin barci.

Na kai ta wurin mai rewaya, wani dattijo da ke aiki a ƙarƙashin rumfar kwano. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya faɗi kuɗin da ya kai rabin buhun shinkafa. Na ce masa zan dawo. Shi da ni duk mun san ma'anar wannan.

Daren nan na kwana a YouTube, na kuma sauko da taswirar wayoyin motar. Abin ya burge ni ƙwarai. Ashe Turawan Ingila kowace waya sun ba ta launinta: ruwan ƙasa ita ce mai ɗauke da wuta kai tsaye daga batir, ko da mota a kashe take, fara tana samun wuta in an murɗa makulli, ja ta ƙananan fitilu, baƙa ita ce mai mayar da wuta jikin mota, wadda masu rewaya ke kira at. Shuɗiya mai ratsin fari ta babbar fitila in tana haska nesa, shuɗiya mai ratsin ja in tana haska kusa. Koriya mai ratsin ja siginar hagu, mai ratsin fari ta dama. Na haddace su kamar yaro mai shirin sauka. Da safe na ce wa uwargida aikin kwana biyu ne. Ta ce, "Malam, fankar ɗakin yara ma kwana biyu ka ce." Ban tanka ba.

Da na kwance dashbod, sai na ga shekara arba'in na hannun mutane. Babu shuɗi, babu kore. Akwai wayar rediyo, akwai wayar dutsen guga, akwai wani wuri da aka ƙulla waya biyu da ledar burodi. A gidan fis, inda fis huɗu ya kamata su zauna, biyu takardar gwangwanin sigari ce aka naɗe, ɗaya kuwa ƙusa ce. Na yi ta tsinar waɗanda suka yi wannan aika-aika, na yanke komai na zubar.

A Kasuwar Ƙofar Ruwa na gano dalilinsu. Waya launi goma sha wani abu, kowace da kuɗinta. Ja kuwa in ka ɗauki ƙunshi guda ana yi maka ragi. Na tsaya na yi lissafi, na ce ai wuta ba ta da ido. Na dawo gida da jar waya mai isa a kewaye filin idi, da salatif na takarda don in rubuta sunan kowace.

Darasin farko sifana ce ta koya mini. Na manta ban cire kan batir ba, ta haɗa wayar wuta da ƙarfe, sai ji na yi tas, tartsatsi ya tashi, na buga ƙeya da bonet. Har yau akwai tabon ƙuna a sifanar da kuma wani a cikin mutuncina, domin yaran makwabta suna kan katanga.

Kwana biyu suka zama sati uku. Duk da haka na yi tsari, wayoyi kusan talatin kowace da takardarta a wuya. Ranar Juma'a na tafi masallaci na bar ƙofar motar a buɗe. Ina dawowa na tarar da akuyar uwargida tsaye a kan kujera, tana tauna "siginar dama" cikin natsuwa. Ta cinye ilimina kaf, ta bar mini takarda ɗaya tak mai cewa "goge gilashi". Na zauna ina kallon jajayen wayoyi talatin, kowace kamar 'yar'uwarta.

Na haɗa su da tunani da addu'a. Abin mamaki, fitilun gaba suka kama. Hon bai yi ƙara ba, amma shi dama tun zamanin Baba ya yi shiru. Fitilar birki kuwa mutum ba ya ganin bayansa, sai na sa ɗana ya tsaya ya duba. Na taka, na ce ta kama? Ya ce ta kama, ya ruga. Daga baya na gane abokansa na jiransa a filin ƙwallo.

Asabar aka yi kai amaryar ƙanwar matata, bayan isha'i. Na cika motar da gwaggonni da kwanonin gara, na shiga jerin gwano, kuma Allah ya sa motar da ke gabana ta surukina ce. Muna barin kwalta na faɗa wani rami, motar ta yi tsalle, gwaggonni suka yi salati. Wannan jijjigar ce ta tashi hon daga barcin shekaru. Surukina ya rage gudu, na taka birki. Faaam!

Na ɗauka wani ne a baya. Ya sake ragewa, na sake takawa. Faaam! Wayar da ya kamata ta tafi fitilar birki, ashe hon na kai wa. Hanyar nan duk ramuka ce, ga jerin motoci na tafiyar hawainiya. Zaɓi biyu gare ni: in yi wa surukina hon, ko in daki bayan motarsa. Na yi masa hon ya fi sau arba'in. Dattijon da ban taɓa haɗa ido da shi ba, wanda nake cire takalmi tun daga zaure in zan gaishe shi. Wata gwaggo ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, in sauri kake ka sauke mu mana." A ƙarshe ya ratse gefe, ya fito da hannu ya yi mini alamar in wuce. Na tsaya don in durƙusa in yi bayani, kuma tsayawa sai da birki.

Litinin na koma rumfar kwano. Mai rewaya ya leƙa ƙarƙashin dashbod, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni ko launin ja na da wata falala a wurina. Na nemi ya faɗa mini asalin ciwon da ya sa na fara duk wannan. Ya zaga baya, ya kwance dunƙulen fitila, ya nuna mini wani ɗan noti da farin gari ya lulluɓe. Ƙarfe da alminiyam in sun daɗe tare cikin danshi haka suke yi, at ta yanke. Ƙwan bayan kuma zare biyu ne a ciki, na birki da na ƙaramar fitila; wuta ta rasa hanyar komawa, sai ta bi ta zare na biyu ta ɓulla gaba. Ya goge wurin da sanfefa, minti biyar bai cika ba.

"Wannan da kyauta zan yi maka, Alhaji, in da ka tsaya na duba sosai," in ji shi. "Amma warware naka aikin, buhu guda ne cur."

Na biya. Da sallah na je gaida surukina, a ƙafa. Na durƙusa nesa, na ce, "Baba, barka da sallah." Ya amsa da fara'a, ya sa aka kawo mini fura, sannan ya matsar da tabarmarsa gefe ya ce ko ina so in wuce.