Baƙin Makulli Ya Ishe Ka, Bazazzagi

Bawana Bazazzagi, mutumin Detroit, gaisuwar ubangida ga yaronsa. Hoto ya iso. Wai ka ga Dodge Challenger Hellcat ƙirar 2015 an sa ta a kasuwa, kana neman shawarar Bakano kan ciniki. Wannan karon ka yi hankali, ka zo inda aka san darajar kuɗi. Amma kafin mu kai ga farashi, bari mu fara duba direban.

Kai ne fa wanda a da, kafin ka tafi Amurka, in ka taso daga Samaru za ka shiga birni, 'yan acaɓa ke danna maka hon, kana rungume da sitiyari hannu bibbiyu, hancinka ya kusa taɓa gilashi, bakinka na motsi da duk addu'ar da ka haddace. Ita kuwa wannan, injinta silinda 8 ne, lita 6.2, an kuma ɗora masa na'urar da ke ɗura masa iska dole, ita ce ke shewa in an taka totur. Ƙarfin doki 707. Tana kaiwa mil 199 a awa, kilomita 320 ke nan. A jihar Michigan da kake zaune, babbar hanyar da aka fi sakar wa direba mara, mil 75 doka ta tsaya. Ragowar 124 ɗin fa, gado za ka bar wa yara?

Sai dai masu ƙirar sun san akwai irinku a duniya. Makulli biyu suke bayarwa, ja da baƙi. Ja shi ke sakin ƙarfin gaba ɗaya. Baƙi kuwa yakan daure injin ya tsaya a 500, don ranar da mai mota zai miƙa ta ga wanda bai yarda da ƙafarsa ba. Ka ga abin kunyar da ke gabanka: mota taka, takarda da sunanka, amma makullin 'yan aro ne daidai kai. Shi ɗin ma na yi maka kara, don 500 ta fi ƙarfin Bazazzagi uku da rabi.

Mu zo ga mai, inda na san zuciyarka za ta buga. Tankinta lita 70 ne, kuma ba ta shan na talakawa, sai mai tsadar. In aka take ta har ƙasa babu sassauci, cikin minti 13 take lashe shi tas. Kai da ke kashe inji a gangara don ka yi rarar cokali biyu! Ga ƙanƙarar garinku, ƙarfin motar kuma duk a tayun baya yake. Ka taɓa ta da garaje a watan Janairu, sai ka ga kana fuskantar inda ka fito. Ɓarayi ma suna ƙaunar gidan nan, har 'yar'uwarta Charger Hellcat ta taɓa zama ta ɗaya a jerin motocin da aka fi sacewa a Amurka. 'Yan inshora za su gaya maka sauran, a rubuce.

Kuma don Allah ka rage cika mana baki da "ƙirar Amurka". A Brampton ta ƙasar Kanada aka harhaɗa ta, injin kuma daga Saltillo ta Meziko ya zo. Sunan ne kawai na garinku.

In dai ka rantse sai ka saya, to ga karatun kasuwa kyauta. Dillali zai ce maka an daina ƙera ta tun Disambar 2023, ba za a sake ba. Gaskiya ya faɗa, amma kada ka nuna ka ji. Ka zagaya baya, ka durƙusa, ka shafa tayun. In sun sulɓe alhali na gaba garau, to mai ita ɗan tayar da hayaƙi ne, injin da giya sun ga duniya. Ka leƙa cikin kaskon tayar, narkakkiyar roba takan manne a nan ta tona asiri. Ka tambayi takardun sabis, ka kuma ce sai ka ga makullan nan biyu a tafin hannunka. Ya faɗi kuɗi, ka yi tsaki, ka juya kamar za ka tafi. Na san ba za ka iya ba, ku da kun ga abu sai baki ya buɗe, amma ka gwada.

In ciniki ya faɗa, ka sa jan makullin a ambulan ka aiko min Kano in adana maka, ka haɗo da kuɗin sharar bara da har yau ba ka biya ba.