Kowa da Kiwon da Ya Karɓe Shi a Kasuwar Finbol

Injin finbol akwati ne mai ƙafa huɗu da gilashi a sama, ƙwallon ƙarfe yana gangarowa kana mai da shi da fukafukai biyu. Da can a mashaya da gidajen wasa na Amurka ake jefa masa sulalla. Yanzu ya tare a gidajen mutane, ana saye ana sayarwa, kuma mu da muka faɗa harkar mun san masu injin sun fi injin abin kallo.

Ga Malam Bai-Taɓa-Fita-Ba. Rantsuwarsa ɗaya ce: daga masana'anta a Shikago injin nan falonsa ya wuto. Kada ka yi musu. Karɓi makulli, buɗe ƙofar zuba kuɗi, sa hanci. In warin tabar shekara talatin ya yi maka maraba, to falon nasa akwai mai sayar da giya a ciki. Sai ka leƙa allon baya. Injinan kamfanonin Williams da Bally na shekarun 1990 suna da ƙananan batura uku a jikin faifan lantarki, su ke riƙe maki da saiti idan an kashe wuta. In aka manta da su sai su yi yoyo, ka ga farin gari a bakinsu, zaren tagulla ya koma kore ya rube. Shi dai zai hura wurin da baki ya ce ƙura ce.

Ƙaninsa shi ne mai cewa, "Lafiyarsa ƙalau, fis ne kawai ya ƙone." Fis ɗin bai kai kuɗin shayi ba, amma shekara biyar ya kasa sayensa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne mai kayan da ba a samu. Ya rage murya ya ce maka injinsa mai suna The Addams Family ya yi ƙaranci a duniya. Bally ta fitar da shi a 1992, aka sayar da fiye da 20,000, babu injin fukafukai da ya kai shi kasuwa. Tsadarsa gaskiya ce, don masu nema sun yi yawa, amma ƙaranci? Haba. Da ka taya, sai ya tuna maka Williams ta rufe sashen finbol a 1999, ya ɗora wannan bakin cikin a kan farashi kamar kai ka rufe.

Masu saye ma ba kanwar lasa ba ne. Akwai Mai Ɗaya-Tal, wanda ya rantse wa uwargida guda ɗaya zai ajiye saboda yara. Yaran suka buga mako biyu suka koma kan waya. Shi kuwa ya gano injin ɗaya yana jin kaɗaici. Yau motarsa tana kwana cikin dusar ƙanƙara, gareji ya cika, yana auna ɗakin baƙi da tef da daddare.

Akwai mai kwali: ya sayi sabon injin kamfanin Stern na musamman, mai lamba a jiki, ya ƙi yanke igiyar kwalin don kada daraja ta faɗi. Wannan ban ɗauke shi ɗan'uwa ba, mai tsaron sito ne.

Sai Malamin Tarihi. Zai zo da niyyar ciniki, ya jingina da injinka, ya fara. Yadda magajin garin Niyok, Fiorello La Guardia, ya haramta wasan a 1942 a matsayin caca, aka kwashe injina aka farfasa da guduma. Yadda kamfanin Gottlieb ya sa fukafukai a injin Humpty Dumpty a 1947. Yadda wani mai buga wasan, Roger Sharpe, ya tsaya gaban majalisar birnin a 1976 ya buga, ya nuna gwaninta ce ba sa'a ba, aka ɗage haramcin. Duk gaskiya ne, kuma yana iya ba da labari, shi ne abin haushin. Ya buga wasa goma kyauta, ya jijjiga injin har ya kashe masa fukafukai don hukunci, ya shanye lemonka, ya ce zai yi shawara.

In an yi sa'a aka sallama, saura ɗauka. Injin ya haura kilo 100, kuma kusan kullum a ɗakin ƙarƙashin ƙasa yake, matakala ƙunci, ga kwana a tsakiya. A kwance ƙafafu huɗu, a kifa allon baya a ɗaure. A nan ne mai sayarwa, wanda ɗazu ya tsugunna garau yana ƙirga daloli, yake dafa ƙugu ya ce likita ya hana shi ɗaukar kaya. Abokinka mai a-kori-kura kuma, da ya yi alkawari tun ranar Litinin, wayarsa tana kashe.