Izinin Zama na Wucin Gadi: Ƙarin Bayani ga Mutanen Shanga da Kewaye

A ranar 4 ga Maris, 2022, kwana takwas bayan Rasha ta auka wa Yukiren, Tarayyar Turai ta kakkaɓe wata doka da ta ajiye tun 2001 ba ta taɓa taɓa ta ba, ta ba waɗanda yaƙin ya koro izinin zama na shekara ɗaya. Shekara ta cika yaƙi bai ƙare ba, aka ƙara. Aka sake ƙarawa, aka kuma, har wa'adin ya kai 4 ga Maris, 2027. Mutum fiye da miliyan 4 ne ke zaune a kan wannan takarda. Birtaniya ta ba da nata na shekara 3, sannan daga Fabrairun 2025 ta buɗe ƙofar neman ƙarin wata 18.

Mai sauraron rediyo a Shanga ko Yelwa ko Wara zai iya zaton wani sabon ilimi ne Turawa suka tono. A'a. Masarautar Yauri ta riga su da shekara 54, kuma tsarinmu ya fi nasu sauƙi, don babu fom, babu hoto, babu layi. Ga yadda yake aiki.

Su wa ke ba da izinin?

Ofisoshi uku ne: ruwa, mai masauki, da mutanen daji. An keɓe gwamnati daga wannan wahala domin ta samu sukunin zuwa jaje.

Ofishin ruwa

Shi ne mafi tsufa, kuma an buɗe shi a 1968, lokacin da aka gama madatsar Kainji aka toshe kogin Kwara. Ruwa ya yi baya, ya shimfiɗu tsawon kilomita fiye da 130, ya duba takardun ƙauyuka sama da 200, ya ga duk sun ƙare aiki. Kimanin mutum 44,000 aka tasa. Gungawa da suka gaji tsibirai tun kaka da kakanni suka hau tudu. Tsohuwar Bussa, inda Baturen nan Mungo Park ya gamu da ajalinsa a 1806, ta nutse, aka gina sabuwa. An yi wa jama'a gidajen siminti a jere, an kuma shaida musu cewa ruwan da ya ci gonakinsu zai dawo musu da haske.

Hasken ya fito, babu ƙarya. Ya hau manyan turaku, ya bi ta saman kawunansu zuwa Birnin Kebbi, daga can ya tsallaka iyaka ya sauka Yamai. Ƙauyukan bakin tafki da har yau suke cajin waya da janareta su kwantar da hankalinsu: wutar ba ta ɓata ba, tafiya ta yi, kuma takardunta cikakku ne.

Tun daga lokacin wannan ofishi ke sabunta izini duk shekara. Idan rani ya yi nisa tafki ya ja da baya, sai ya bar laka mai albarka a bakin gaɓa. Wannan ita ce sanarwar cewa an buɗe karɓar baƙi. Manomi ya sauka, ya kafa bukka, ya shuka abin da ya samu. Wajen watan Agusta zuwa Oktoba farin ruwa ya iso, wato na damunar nan kusa, ya duba wa ya wuce wa'adi. Wanda ya tsira daga wannan bincike, akwai na biyu: baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya goga iyakar Benin, ya iso da hunturu. Ƙasashe nawa ke nan, babu wanda ya taɓa tambayarsa fasfo.

Abin yabo a nan shi ne gaskiya da riƙon amana. Ruwa ba ya karɓar na goro, ba ya sanin ɗan wane, ba ya cewa a dawo gobe oga ba ya nan. A shekarun da aiki ya yi masa yawa, irin 2012 da 2020 da 2022, har gida yake bin mutum ya miƙa masa takardar sallama da tsakar dare.

Ofishin mai masauki

Wanda ruwa ya tasa, ko bindiga ta koro, nan yake nufa. Ba a buƙatar komai sai tabarma, tukunya, da yaran da aka samu damar ƙirgawa. Mai nema ya je ƙofar maigari, a Dugu ne ko Gebbe ko 'Yarbesse, ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, mun zo ne kafin ƙura ta lafa."

"Ku zauna, Malam. Ƙasa ta Allah ce."

Shi ke nan, an buga hatimi. Abin da ke sa ministocin ƙasashe 27 su hau jirgi su taru su sha shayi, maigari ya gama shi bai tashi daga kan buzunsa ba.

Wa'adin farko kwana uku ne, kamar yadda aka san haƙƙin baƙo. Daga nan sabuntawa ke farawa, kuma tana da matakai sanannu: sai bayan Juma'a, sai an ga wata, sai bayan Sallah, sai an yi girbi, sai ruwa ya janye, sai sojoji sun zo. Wannan na ƙarshe shi ne mafi tsawo, kuma masana na ba da shawarar a nemi shi tun farko don a huta.

Akwai ƙaramin reshe na wannan ofishi a makarantun firamare. Izininsa na da ƙarfi a lokacin hutu, amma yakan raunana ranar da hedimasta ya kaɗa ƙararrawa. A irin wannan hali akan raba adalci: yara su yi karatu a gindin bishiya, baƙi su riƙe aji, allo kuma ya zama wurin rataye gidan sauro.

Maganar kuɗi fa? A Birtaniya, wanda ya sauki ɗan Yukiren a gidansa gwamnati ta riƙa ba shi fam 350 duk wata, wai na godiya. Wannan kan zubar da ladan mutum. Mai masaukin Shanga an kare shi daga wannan hasara. Rumbun da ya auna wa mutum tara yanzu yana ciyar da ashirin da biyu, ladansa kuma na nan cif, ba a taɓa masa ko ƙwaya ba. Idan uwargida ta fara kankare gindin tukunya da ƙarfi fiye da kima, baƙo mai hankali ya san an aiko masa da takardar tuni ta farko.

Ofishin mutanen daji

Wannan sabo ne. Mutanen yankin sun tabbatar ya buɗe reshe a kusa ranar 17 ga Yuni, 2021, da aka kwashe ɗalibai da malamai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. Bambancinsa da sauran shi ne, ba baƙo yake ba izini ba, ɗan gari yake ba. A wurare da dama na arewa maso yamma, manomi kan biya kafin ya shiga gonar da ya gada, ya sake biya kafin ya kwashe amfaninta. Duk cikin ofisoshin nan, shi kaɗai ke riƙe da ranar wa'adi daidai, kuma ma'aikatansa kan zo da kansu a kan babur, uku-uku. Ba a san shi da yajin aiki ba.

Me mai izini ke samu?

Takardar Turai na ba ɗan gudun hijira damar aiki, makaranta, asibiti da wurin kwana, kusan daidai da ɗan ƙasa. Mu mun cire "kusan". Baƙo da ɗan gari daidai suke ƙwarai: asibitin da babu magani ba ya tambayar daga ina ka zo, rijiyar burtsatsen da ta lalace ba ta nuna wariya, aikin da babu kuwa an raba shi ga kowa ba a rage wa wani ba.

Aibin tsarin Turawa

Babban aibinsa kwanan wata. Mutumin da aka rubuta masa ranar ƙarewar zama ba ya barci sosai. Mai gidan haya na ɗari-ɗari da shi, mai ɗaukar aiki na lissafin watannin da suka rage, yaro na tambayar a wace ƙasa zai rubuta jarrabawa. Duk wannan fargaba ta samo asali ne daga kuskure ɗaya: an rubuta sunansa a littafi. Wanda ba a rubuta ranar zuwansa ba, ta ina wa'adinsa zai cika? Namu baƙon yakan zo da goyo, goyon ya yi kaciya, ya yi aure, ya kai nasa ɗan wurin maigari a sa masa albarka, duk ana jiran ƙura ta lafa.

Kada a ce ba mu da takardu. Muna da su, kuma suna cikin ƙoshin lafiya. An ƙulla Yarjejeniyar Kampala kan waɗanda aka raba da muhallinsu a cikin ƙasarsu a 2009, Nijeriya ta amince da ita a 2012, ta kuma fitar da manufarta ta ƙasa a 2021. Dokar kafa HYPPADEC, hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, an sa mata hannu a 2010, aka ba ta shekara 10 ta huta kafin a naɗa masu tafiyar da ita. Gaggawa aikin shaiɗan ce.

Idan an nace sai an kwaikwayi Turawa

Ba mu ba da shawarar haka ba, amma idan shugabannin ƙananan hukumomin Shanga, Yauri da Ngaski, tare da hukumar agajin gaggawa ta jihar Kebbi, suka ga lallai sai sun jawo wa kansu aiki, kayan da ake buƙata ba su da yawa: littafi mai layi, biro, da malamin da zai zauna kusa da maigari. A rubuta sunan baƙo, garin da ya baro, ranar da ya zo, yawan iyalinsa, da sunan wanda ya sauke shi. Haɗarin da ke ciki a bayyane yake. Da zarar an rubuta, za a san yawansu, za a san yaran da ba sa zuwa makaranta, za a san rumbun wa ya kamata a mayar wa hatsi, kuma wata rana wani zai buɗe littafin ya tambayi me aka yi. Wanda ya ga zai iya ɗaukar wannan haɗari, ana sayar da littafin da biron a kasuwar Yelwa.