Yadda Ake Zaɓa wa Motar Tsere Taya Idan Gida Furana Ne

 Duk wanda Allah ya hore wa sayen motar tsere, irin mai ƙofa biyun nan da cikinta ke kusan shafar ƙasa, kuma ya rantse da ita zai je gida salla a Furana, ya cancanci shawara kyauta, don daga yau duk abin da ya shafi motar nan sai ya biya. Shawarar guda ce, sauran duk sharhi ne: hanya ita ke zaɓen taya, mai mota nasa biyan kuɗi. Mujallun motoci na Turai za su ce ka sayi Michelin Pilot Sport, ko Pirelli P Zero, ko Bridgestone Potenza, kuma ba ƙarya suka yi ba, tayoyi ne na gaske. Sai dai a filin da suka gwada su babu akori-kurar da ta zubar da rake a kan kwana, babu amalanken shanu, babu ramin da damina ta haƙa sannan ta cika shi da ruwa don kada kowa ya san zurfinsa.

Aikin yana farawa da tsugunno, abin da masu irin wannan mota ba su saba yi a bainar jama'a ba. Ka tattare babbar riga, ka durƙusa, ka karanta abin da ke rubuce a gefen tayar. Za ka ga wani abu kamar 225/40 R18 92Y. Lambar farko faɗin tayar ce, milimita 225. Ta biyu ita ce abar lura: tsayin gefen tayar kashi 40 cikin ɗari ne na faɗinta, wato milimita 90. Sai 18, girman wili da inci. Sai 92, alamar cewa tayar na ɗaukar kilo 630. To, milimita 90 ɗin nan su ne duk abin da ke tsakanin wilinka mai walƙiya da bakin rami. Tsohuwar Corolla da ta wuce ka a Tashar Yari, wadda ka kalla da tausayi, tana tafiya a kan 195/65 R15, gefen tayarta ya kusa milimita 127. Idan ta faɗa rami, iska da roba su shanye dukan, direba ya yi tsaki ya wuce. Idan kai ka faɗa, bakin kwalta da bakin wili su matse gefen tayar a tsakaninsu, zaren da ke ciki ya tsinke, kafin ka isa Makarfi ta yi ƙulu kamar an sa mata ƙwai a ciki. Wannan ƙulu ba shi da magani, ba a yi masa faci, jiran ranar fashewa kawai yake yi. Wilin alminiyon kuma ko ya lanƙwashe ko ya tsage.

Saboda haka sai a yi abin da zuciya ba ta so, a rage girman wili a ƙara wa taya nama. Lissafin ba shi da wuya: 225/40 R18 da 225/45 R17 da 205/55 R16 duk tsayinsu daga ƙasa zuwa sama kusan ɗaya ne, santimita 63 da 'yan kai, don haka allon gudu ba zai yi maka ƙarya ba. Amma gefen tayar ya tashi daga milimita 90 zuwa 101, zuwa 113. Sharaɗi ɗaya ne, ƙaramin wilin ya iya rufe birkin motar, don manyan motocin gudu birkinsu ƙato ne, wani ba ya shiga inci 16. A nan ne abokai za su taso maka. Za su ce ka lalata mota, ka mai da ita ta haya, kuma taya mai kauri tana lilo a kwana. Rabin maganarsu gaskiya ce: a kan kwalta mai santsi, siririn gefe yana sa sitiyari ya fi jin magana. Amma a tambaye su, waɗanda tsere ne sana'arsu me suke yi? A gasar tseren daji ta duniya, mota ɗaya ce ake sa wa wili mai inci 18 ranar da za a yi gudu a kan kwalta, a cire a sa mai inci 15 da taya mai ƙaton gefe ranar da za a shiga burji. Motocin Formula 1 kansu, waɗanda babu mai zarginsu da sanyin jiki, a kan wili mai inci 13 suka yi ta gudu har ƙarshen 2021. Kuma a 1975, shekarar da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, 504 ce ta cinye tseren Safari a Kenya, motar nan dai da kakanninmu suka yi ta loda wa buhunan masara. Wanda ya ce taya mai kauri ba ta gudu, da tarihi yake jayayya.

Sai harafin ƙarshe na rubutun gefen tayar, wanda shi ne ke raba samari da kuɗinsu. H na nufin tayar za ta jure gudun kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y kuwa 300. Dokar hanya ta Nijeriya ta ba ƙaramar mota kilomita 100 a babban titi mai hannu biyu irin na Zariya zuwa Kano, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Tsakanin Hunƙuyi da Kudan lokacin kakar tumatir ma ba doka ce ke yanke gudu ba, motar kwandunan da ke gabanka ce, ita kuma ba ta san kana da Y ba. Ragowar kilomita 200 ɗin da ka saya, a aljihu za ka riƙa yawo da su. Mai ilimi zai ce babban harafi ba gudu kaɗai yake nufi ba, yana nufin tayar ta fi jure zafi, kuma kwaltar watan Afrilu ba abar wasa ba ce. Wannan hujja ce mai ƙarfi, shi ya sa ba za a ce ka sauka ƙasa da harafin da kamfanin motar ya rubuta a jikin ƙofar direba ba. Abin da ake cewa shi ne kada ka haura don burga. Juriyar zafi tana da tata alamar daban a gefen taya, A ko B ko C, ka nemi A. Kusa da ita akwai lambar da ke nuna saurin cinyewa: tayoyin filin tsere sukan zo da 200 ko ƙasa da haka, na tafiyar yau da kullum 500 zuwa sama. Roba mai laushi ita ke kama ƙasa, ita ce kuma tsakuwa ke ci kamar da gayya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Yanzu ga inda kasuwa ke jiranka. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta a Legas a 2008, tun daga nan tayar ƙananan motoci sai ta jirgin ruwa. Tayar hannu kuwa tana cikin kayan da hukumar kwastan ta haramta shigowa da su, wanda hakan ne ya sa ba a samun ta ko'ina sai a kowace kasuwa. Mai shago zai mirgino maka ita, ya buga mata tafin hannu, ya ce, "Alhaji, 'yar Beljiyam ce, dubi zane, ko wata ba ta yi a ƙasa ba." Kai kuma ka sake tsugunnawa. Ka nemi haruffan DOT, ka bi su har ƙarshe, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2317 na nufin mako na 23 a 2017. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana shelar cewa shekara huɗu daga ranar ƙira ita ce iyakar taya. Michelin ta fi sassauci, ta ce bayan shekara biyar a riƙa dubawa duk shekara, a shekara goma a cire ko da zane bai suɗe ba. Idan ka bi maganar hukumar, ta 2017 ta daɗe da gama aiki. Idan kuma ka ga hoton tsauni mai kai uku da ƙanƙara a cikinsa, to ka yi sa'a, tayar sanyi ce, an yi ta don yanayin da bai kai digiri 7 ba. Ranar da ƙanƙara ta rufe Ikara kai kaɗai za ka fita. Kafin wannan rana, zafin kwalta zai riƙa narkar da ita, birki ya riƙa ja da nisa. Masu cewa tsohuwar Michelin ta fi sabuwar da ba a san sunanta ba sun manta roba tana bushewa ko ana hawa ko ba a hawa, kuma babu mai ba ka labarin ramin da ta faɗa a ƙasar da ta fito. Sabuwa mai matsakaicin suna, mai kwanan wata na bana ko bara, ta fi sarauniyar da ta tsufa.

Alƙalin ƙarshe shi ne mai faci. Ka dube shi da kyau a gindin bishiyarsa: injin iska mai tari, bahon ruwa da ya koma baƙi, guduma, da ƙarafa biyu na ɓamɓare taya da ya yi daga tsohon sifirin. Da waɗannan yake ciyar da iyali, kuma a kan tayar babur da ta akori-kura gwani ne. Amma taya mai siririn gefe tauri gare ta, injin cire taya take so; idan aka sa mata ƙarfe, wilinka zai dawo da tabon da za ka riƙa gani har a mafarki. Akwai irin wadda ake cewa tana tafiya ko ta yi faci, ita ma yawanci kilomita 80 ne iyakarta a gudun da bai wuce 80 ba, wanda ƙila ya kai ka Zariya, amma ba zai sa a sami irinta a shago ba. Ka riƙe gejinka a mota, ka auna iska da safe kafin taya ta ɗau zafi, ka bi lambar jikin ƙofa, wadda ke jikin tayar iyaka ce, ba umarni ba, ko da mai faci ya danna da babban yatsa ya ce, "Yallaɓai, da saura." Idan akwai kibiya a gefen tayar, ka tsaya a kansa ya sa ta tana kallon gaba.

Saura safaya. Yawancin motocin nan ba sa zuwa da ita, sai 'yar kwalbar gam da ƙaramin famfo, masu toshe hujin ƙusa amma ba su san yadda za su yi da tsagar gefe ba. Wasu kuma tayar baya ta fi ta gaba faɗi, ke nan safaya biyu kake bukata. But ɗin motar ba zai ɗauki ko ɗaya ba, don haka guda ta zauna a kujerar mai zaman banza, a ɗaura mata bel. Ɗayar kuma sai ka ba ƙaninka ya shiga motar haya da ita daga Tashar Yari, ka ce masa idan ya isa Furana ya gaya wa su Hajiya kana tafe, kada su jira ka da abincin rana.