Alhaji, Wa Ka Sani?

Na san ku, 'yan majalisar bayan la'asar. Don kawai na ce yaro ya duba inda aiki yake kafin ya zaɓi jami'a a fom ɗin JAMB, sai kuka taɓe baki: "Malam, aiki ai sai wa ka sani." To Alhaji, kai da muryarka ta fi ta kowa, wa ka sani? Kansilan unguwarku ma sai ka yi sallama uku yake ɗago kai.

Ku ɗauko tallar ɗaukar sababbin ma'aikata ta banki. Shekaru suke fara tambaya: yawanci kada a wuce 26 ko 27, sannan sakamako mai kyau da takardar bautar ƙasa. Mu yi lissafin 'yan kasuwa. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci takwas. Yaro ya sha JAMB sau uku, ya shiga karatun injiniya na shekara biyar, yajin nan biyu suka rutsa da shi, ya ƙara shekarar bautar ƙasa. Ya fito da gemunsa ya tarar an ja ƙofa. Ɗan maƙwabcinku kuwa, da ya je jami'ar kuɗi inda ba ruwansu da ASUU, tuni yana bayan kanta yana ƙirga kuɗin mutane.

Na ji, kuɗin makarantar ba na kowa ba ne. Ni ma da ina da su, da ba a kan bencin nan za ku same ni ba. Amma NDA ta Kaduna fa? Makarantar 'yan sanda ta Wudil fa, da ake fitowa da muƙamin ASP? Shiga ce da wuya. Wanda ya fito ba ya yawo da fayil a hammata.

"Ai sunan ABU kaɗai ya isa." Tun 1962 aka kafa ta, tana ta yaye mutane, tsofaffin ɗalibanta sun cika ma'aikatu, ban musa ba. Sai dai suna ba ya zama a jarrabawar ɗaukar aiki. Ka tambayi sashen injiniya: hukumar COREN ta amince da kwas ɗin? Ina ɗalibai ke yin SIWES, a masana'anta ko a ofishin kawu ana sayo ƙosai?

Af, Alhaji, ina zuwa, ga shayi bai huce ba? In wajen kansila ne, ka gaishe shi.