Ranar da Na Ci Abincin Sanata

Na ci biskit ɗin kare. Gara in faɗa da bakina tun labarin bai iso Kano ta bakin dangi ba, don na san halin mutanenmu: kafin ya wuce Kaduna an ce karen na cinye ɗungurungum. Guda huɗu na ci, da shayi, a wani falo a Maitama, kuma da ba a tare ni ba da na kai bakwai.

Wata takarda na je bi a wata ma'aikata a Abuja. Aka ce oga ya shiga taro, in dawo gobe, irin goben nan ta Abuja da ba ta da rana a kalanda. Na sauka a gidan wani yayana, ɗan wan babana, wanda Allah ya buɗa wa. Da la'asar na dawo a jigace, na tarar gida ya ɗauki ƙamshi kamar ana shirin biki, ga faranti a kan tebur cike da wasu 'yan abubuwa masu ruwan ƙasa, da ɗuminsu. Na lura siffar ƙashi gare su, amma na ce a raina ai nan Abuja ce, inda ake yin kek da siffar mota. Na yi bismilla. Babu gishiri, babu sukari. Na ce Allah sarki masu kuɗi, hawan jini da ciwon suga sun hana su jin daɗin duniya.

Ina kan na huɗu matar yayan nawa ta fito daga kicin ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Kawu, ai na Sanata ne!"

Na miƙe zumbur, na gyara hula, na kaɗe ɓurɓushin da ke gemuna. Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, ban san za a yi babban baƙo ba. Na wace mazaɓa ne?"

Sai ga Sanata ya shigo da ƙafa huɗu. Wani ɗan abu ne fari wanda girmansa bai wuce na zakara ba, gashi ya rufe masa ido har ban gane ina ne gaba ina ne baya ba sai da ya yi haushi. Irinsu Lhasa ake ce musu, asalinsu daga Tibet, can cikin sanyin duwatsun Himalaya, shi ya sa a zafin watan Maris na Abuja ba a kashe masa na'urar sanyaya ɗaki. Ya dubi farantin, ya dube ni. Ban taɓa jin kunyar dabba ba sai ranar. Daga baya na fahimci wanda ya raɗa masa sunan ya san aikinsa: yana ci, yana barci, lokaci-lokaci ya yi haushi don a san yana nan.

Da Hajiya ta ga ban faɗi ba, sai ta zauna ta karantar da ni. Ita ba ta yarda da na kanti ba, ta ce, ba ka san abin da suka zuba ba. Da hannunta take kwaɓawa: garin alkama, markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ƙwai biyu, da dafaffiyar kabewa. A murza, a yanka da wani ɗan ƙarfe mai siffar ƙashi, a jera a tire, a sa a oba. Albasa haramun ce, haka cakulan, haka inabi da zabibi. A nan dole in ba ta gaskiya, likitocin dabbobi ma haka suke cewa: albasa na lalata jinin kare, cakulan na iya kashe shi, inabi kuma ƙoda yake taɓawa. Sai dai na tuna karnukan unguwarmu da suka shekara goma suna lashe ƙasan tukunyar miya, ba wanda ya taɓa tambayar su ko an sa albasa.

Ina sauraro ina juya abin a bakina, don ɗanɗanon ya yi mini kama da wani abu da na sani. Can sai ya faɗo mini. Ƙuli-ƙuli ne! Ƙuli-ƙuli ne da ya je Abuja ya yi kuɗi. Kakata ta yi shekara arba'in tana matse tunkuza tana murza shi a tafin hannu, tana soyawa a cikin mansa, ba ta da oba, ba ta da ƙarfen yanka, ba kuma wanda ya taɓa ɗaukar ta hoto. Na ce, "Hajiya, wannan ai ƙuli ne aka cire wa gishiri." Ta ce, "Haba Kawu, ƙuli fa?" da irin muryar da za ka ji in ka ce wa mai gwal ɗan kunnenta gwangwani ne. Don ta rufe mini baki sai ta ɗauko wata roba daga firij, wai hantar saniya ce aka yanka siriri aka busar, ladan Sanata in ya zauna da aka ce ya zauna. Kilishi ke nan ba labu ba yaji. Na yi shiru. Ni ma na zauna da aka ce in zauna, a ma'aikata, awa biyar, ko ruwa ba a ba ni ba.

Abin dai ba a Maitama aka fara shi ba. Wajen 1860 wani Ba'amurke mai suna James Spratt ya ga karnuka a bakin tashar jirgin ruwa a Ingila suna wawason busasshen biskit ɗin matuƙan jirgi, ya ce ashe akwai kasuwa a nan, ya shiga gasa nasu na musamman yana sayar wa attajiran Turawa masu karnukan farauta. Ka ga tun asali dabarar ba kare aka nufa da ita ba, aljihun maigidansa aka nufa. Shekara ɗari da sittin da 'yan kai ta ɗauka kafin ta iso kicin ɗin Hajiya, amma ta iso da ƙarfinta.

Mu a wurinmu kare ma'aikaci ne. Ko ya bi mafarauta daji, ko ya bi Bafulatani kiwo, ko ya kwana a ƙofar gida. Albashinsa ƙanzo da ƙashi, wurin kwanansa gindin garu. Malamai sun yarda a ajiye shi don gadi da farauta da tsaron gona ko dabbobi, sun kuma karantar da mu labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Yayana ya riƙe wannan hujja gam. Na ce, "Yaya, ruwa ne fa aka ɗebo a takalmi. Ban ji inda aka ce an tayar da janareta ba." Ya ce ai Sanata na gadi ne. Na dubi mai gadin da aka ce, yana kwance a kan kujerar da ni ban isa in ɗora ƙafa a kai ba. Ɓarawon da zai ji tsoron wannan, mage ma za ta iya ƙwace masa waya.

Kuma gashin biskit ɗin nan ba a banza yake ba. A watan Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin wutar 'yan rukunin A naira 225 kowane ma'auni, in kuma an ɗauke sai dizal. A shekarar ne aka yi ta ja-in-ja da ƙungiyar ƙwadago kafin a tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 70,000. Ban yi lissafin abin da Sanata ke ci a wata ba, don na ga in na yi zan nemi aikinsa. Da can cewa ake manyan Abuja na cin karensu babu babbaka. Yanzu karen ne ke cin su, kuma sai an gasa masa.

Abin da ya fi ba ni dariya, gashin ba ya cika sai an ɗauki hoto. Kafin Sanata ya ɗanɗana, sai an jera biskit ɗin kusa da fure, an ɗauka ta sama, an tura wa ƙawaye a WhatsApp. Wata ta amsa daga Asokoro cewa ita da zuma take yi wa nata. Wata a Gwarinpa ta ce nata ba ya cin alkama, tana kumbura masa ciki. Hajiya ta yi tsaki ta ce gobe za ta gwada da dankalin Hausa. Duk wannan a gidan da in ka bugo waya daga ƙauye kan kuɗin makarantar yara za a ce maka, "Wallahi abubuwa sun yi tsada." Sun yi kuwa. Gyaɗa ma ta tashi.

Bayan isha'i na fita shan iska, na zauna a benci wajen maigadi na gaskiya, wani dattijo mutumin ƙasar Katsina, rediyonsa a kunne. Na ba shi labarin abin kunyar da na yi. Ya yi dariya har da tari.

"Alhaji, guda huɗu kacal? Ai ni kullum da shi nake shan koko."

Na ce, "Baba, kai ma?"

Ya ce, "To ya za a yi? Hajiya kan ba ni in ba shi da safe in mun fita zagaye. Shi kuwa ya shinshina ya kau da kai. Zubarwa almubazzaranci ne."

"To shi me yake ci?"

Baba ya leƙa ta gefen gida ya tabbatar ba kowa, ya jawo wani kwanon silba daga ƙarƙashin benci, ya ƙwanƙwasa shi sau biyu da cokali. Sai ga Sanata a guje, gashi na tashi, ya tsallake matakala uku, ya tusa kai cikin ƙanzon tuwon masara da aka jiƙa da ruwan zafi, har kwanon na tafiya yana bin sa.

Baba ya ce, "Don Allah, Alhaji, kada Hajiya ta ji." Sannan ya laluba aljihu ya miƙo mini ƙashi biyu. "Ungo, ka ƙara. Na jiya ne, sun fi ƙarfi."