Ku Yi Dariyarku, Masoro Ya Yi Rajista

Na san ku, jama'a. Tun daga take kun taɓe baki. Alhaji ya turo hula gaba yana cewa, "Ana fama da tsadar taki, shi kuma wannan ya kawo mana labarin rajistar tambari a wata Kambodiya?" Hajiya kuwa tambaya take ko ƙasar gaba take da Dubai. Gaba take sosai, Hajiya. Tana tsakanin Tailan da Laos da Biyetnam, mutanenta wajen miliyan 17 ne, kuma har yanzu tana cikin jerin ƙasashen da Majalisar Ɗinkin Duniya ke kira mafi ƙarancin ci gaba. Saboda haka kada wani ya ce mini harkar masu kuɗi ce.

Bari mu fara da abin da kuka sani, wato miya. A lardunan Kampot da Kep da ke bakin teku ana noman wani masoro da ya yi suna tun zamanin mulkin Faransa. Gwamnatin Khmer Rouge ta 1975 zuwa 1979 ta kori mutane zuwa gonakin shinkafa, gonakin masoro suka koma daji. Bayan ƙura ta lafa, tsirarun manoma suka dawo suka tayar da shukar. A 2010 gwamnati ta yi wa sunan "masoron Kampot" rajista a matsayin kayan da asalin wurinsa ke cikin sunansa, a 2016 kuma Tarayyar Turai ta amince ta kare shi a kasuwanninta. Ma'anar haka ita ce, wanda bai noma shi a wannan yanki bisa ƙa'ida ba, ba shi da ikon liƙa sunan a kan kwalbarsa, ko da a Faransa yake.

Na ji Malam can baya yana cewa, "To, takarda za a zuba a tukunya?" A'a, Malam, amma ita ke yanke farashi. Shekaru da dama ƙungiyar manoman tana tsaida kilo na baƙin masoro a dala 15, ja dala 25, fari dala 28. A cikin waɗannan shekaru akwai lokacin da masoron gama-gari na ƙasar ya faɗo ƙasa da dala 3. Kuma duk launukan uku daga itace ɗaya suke fitowa: baƙin ɗanye ne aka shanya, jan sai ya nuna sarai ake tsinka, farin kuwa an jiƙa nunanne ne aka cire masa fata. Maƙwabciyarsu Biyetnam ce ta fi kowace ƙasa fitar da masoro a duniya, tana auna nata da ɗaruruwan dubban tan, su kuwa na Kampot abin da suke samu a shekara bai wuce tan ɗari da 'yan kai ba. Da a ce yawa za su yi takara da shi, da tuni an yi musu jana'iza. Sai suka riƙe suna, kun kuwa san suna linzami ne.

Yanzu sai na ga idon 'yan kasuwarmu ya buɗe, har wani ya fara lissafin buhu nawa zai sayo a maƙwabta ya buga masa tambarin Kampot. Kada ka wahalar da kanka, ranka ya daɗe, akwai irinka a can, sun riga ka. Jabun masoron Kampot yana yawo a kasuwannin da baƙi ke zuwa, kuma wannan ne babban ciwon kan manoman. A nan dole in ba ku gaskiyarku: rajista ba ta kama ɓarawo da kanta. Abin da ke riƙe da sunan shi ne ƙungiyar manoman, da littafin ƙa'idojinta da ya hana takin zamani da maganin feshi na sinadari, da masu bin gona gona suna dubawa, da lambar da ke kan kowane ƙunshi wadda za ta kai mai saye har gonar da aka tsinko shi. Ko a haka ma, akwai shekarun da kaya suka yi kwantai a hannun ƙananan manoma.

Akwai wani wuri kuma da shakkarku ke da makama, wato takardar mallakar ƙirƙira, wadda ke ba mai sabuwar fasaha shekara 20 ba mai kwaikwayonsa sai da izini. Kambodiya ta yi dokarta a 2003, ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2004. Amma tantance ƙirƙira yana buƙatar ƙwararru masu yawa, ita kuwa ba ta da su isassu. Sai ta yi dabara: ta ƙulla yarjejeniya da Singafo da Sin a kan karɓar takardunsu, kuma tun daga ranar 1 ga Maris 2018 takardar da ofishin Turai ya bayar tana iya aiki a can, abin da babu wata ƙasar Asiya da ta riga ta yi. Wa ke cin gajiyar wannan? Galibi kamfanonin waje. Sai dai ba su yi wauta ba, sun ware magunguna, domin an ɗage wa ƙasashe irinsu wajibin ba magani wannan takarda har zuwa 2033. Matsalar ita ce an tsaida 2029 a matsayin shekarar da za su fita daga jerin matalauta, kuma rangwamen na 'yan jerin ne. Ku sa ido a kan farashin magani a can.

Tambarin kaya kuwa, nasu shekara 10 yake yi a sabunta, kuma wanda ya riga kai takarda shi ke da shi. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Tun 2015 suka shiga tsarin Madrid, inda takarda guda ke nema wa tambari kariya a ƙasashe sama da ɗari.

Najeriya fa? Ba ta cikin tsarin Madrid, tushen dokar tambarinta ta 1965 ce, ta ƙirƙira kuma ta 1970. Kafin ku ce abin na can nesa ne, ku tambayi mutanen Galmi da ke Nijar. Wani kamfanin iri na Senegal ya taɓa neman mallake irin albasarsu a hukumar rajistar mallakar fasaha ta OAPI da ke Yawunde, sai da manoma da gwamnatin Nijar suka tashi tsaye. Yau albasar Galmi tana da rajista. Kilishi ma yana da ita, da sunan kilishin Nijar.

I, Bakano, kilishin nan da kake rantsuwa kakanka ne ya fara shanya shi. Kana nan kana musu a majalisa, 'yan'uwanka na tsallaken iyaka sun kai takarda. Kada ka zo kana huci, ba wanda ya hana ka yin naka ko sayar da shi. Amma ku masu kilishi da masu rinin Ƙofar Mata da masu jima, ku haɗu ku rubuta yadda ake yin na ƙwarai, sannan ku matsa wa 'yan majalisarku su yi dokar kare sunan asalin kaya.